Hanyar binciken kimiyya tana canzawa, ko yadda aka kafa ta haka take?

Tambaya daga wani malamin kimiyya a makarantar sakandare a Anka, jihar Zamfara: "Ina koya wa yara matakan binciken kimiyya kamar yadda suke a littafi: lura, tambaya, hasashe, gwaji, kammalawa. Wani ɗalibina ya ce in dai hanyar ɗaya ce kuma daidai take, me ya sa da aka ce kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, yanzu kuma aka ce a bar shi? Na ba shi amsa, amma ni kaina ban gamsu ba. Hanyar ce ke canzawa, ko sakamakon kawai?"

Malam, sannu da ƙoƙari, kuma a gaishe mini da ɗalibin nan. Yaron da zai iya tsayar da malaminsa da irin wannan tambaya, a riƙe shi da kyau.

A gajarce, hanyar tana canzawa. Na'urori sun canza, wannan kowa ya sani, amma har ƙa'idojin da ake cikawa kafin a ce "an tabbatar" sun sha gyara, kuma ana kan gyara su yanzu haka. Hujjar da babban likita zai tashi ya gabatar a taro a 1900 a tafa masa, yau in ɗalibin digiri na biyu ya kawo irinta a jami'ar Gusau ko ta Aliero, mayar masa da ita za a yi ya sake aiki.

Sai dai misalin kulorokwin ba a nan yake ba, kuma ya kamata ka warware wa yaron wannan tukuna. Kulorokwin ya yi aiki, shekaru masu yawa yana warkar da mutane. Ƙwayar cutar ce ta canza. Cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jinin mutane akwai 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta, maganin ba ya kashe su. Su suka rage, suka hayayyafa, sauro ya yi ta raba su gida gida. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka wajen 1978, daga baya ya mamaye yammacinta, har Nijeriya ta koma kan haɗin magungunan ACT a 2005. A wannan labari abin da ake aunawa ne ya motsa, ma'aunin yana nan. Inda hanya ta canza a harkar maleriya shi ne wajen gane cutar. Da, duk yaron da jikinsa ya yi zafi a damina, maleriya ce kawai, a ba shi magani. Daga 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna, shi ya sa yanzu ko a ƙaramin asibitin ƙauye sai an tsiri yatsa an ɗiga a ɗan katin nan.

Su kuma matakai biyar na littafi, suna da nasu asalin. Wani masanin tarbiyya na Amurka, John Dewey, ya zayyana matakai biyar na yadda mutum ke warware matsala a tunaninsa a 1910, masu rubuta littattafan makaranta suka ɗauka suka mayar da su "hanyar kimiyya". Ba laifi ba ne a koyar da su, kuma ranar jarrabawar WAEC ko NECO su yara za su rubuta, kada ka bari su je suna yi wa mai maki falsafa. Amma tsari ne da ya fi kama da yadda ake rubuta rahoto bayan an gama aiki. Masanin taurari bai taɓa sa tauraro a kwalba ya gwada ba. Masanin duwatsu ba zai iya maimaita fashewar dutsen da ya faru shekara miliyan da ta wuce ba. Dukansu kuwa kimiyya suke yi.

Abin da na fahimta daga tarihin, kuma shi ne gundarin amsata: kusan kowace ƙa'ida da muke bi a yau an ƙara ta ne bayan an gano wata sabuwar hanya da mai bincike ke ruɗin kansa.

Matakin farko Bahaushe ya riga ya faɗe shi: gani ya kori ji. Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya tarar da malamai sun rabu a kan yadda ido ke gani. Wasu, masu bin malaman Girka na dā Uƙlidis da Batlamiyus, suna cewa haske ne ke fita daga ido ya taɓa abu. Maimakon ya ƙara jero maganganun magabata, sai ya shirya ɗaki mai duhu da 'yar ƙofa ƙarama, ya jera fitilu a waje, kowace ta jefa nata ɗigon haske a bangon ciki. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Ya kuma bayyana yadda aka haɗa kayan dalla dalla, don mai karatu ya haɗa nasa ya duba. Wannan al'ada ta bayyana yadda ka yi don wani ya maimaita, ita ce mafi daɗewa cikin abin da ya rage mana.

To amma gani ma yana ruɗi, musamman a harkar magani, domin yawancin marasa lafiya za su warke ko an ba su magani ko ba a ba su ba. Abubakar ar-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza da ya rasu wajen 925, ya gane haka. Ya rubuta cewa ya sami marasa lafiya masu alamun ciwon da ya yi kama da sanƙarau, ya zubar wa wasunsu da jini, ya bar wasu da gangan don ya kwatanta. Tunani ne da ya riga zamaninsa nesa. Duk da haka sakamakon da ya fitar, cewa zubar da jinin ya taimaka, yau ba likitan da zai yi aiki da shi. Me ya ɓace? Ba mu san yadda ya zaɓi wanda zai shiga wane rukuni ba. In likita yana ganin wannan mai ƙarfi ne zai jure a zubar masa da jini, wancan ya galabaita a ƙyale shi, to ya gama yanke hukunci tun kafin ya ɗauki aska. A 1747 wani likitan jirgin ruwan yaƙin Ingila, James Lind, ya raba matuƙa 12 masu ciwon ruɓewar dasashi biyu biyu, ya ba kowane rukuni abu daban, har da ruwan teku da ruwan tsami. Waɗanda suka sha lemo ne suka miƙe. Ya dace da gaskiya, amma mutum biyu a rukuni, yau dariya za a yi masa.

Maganin wannan matsala daga gona ya fito, abin da ya kamata ya yi wa 'yan Kebbi da Zamfara daɗi. A 1919 Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, aka tara masa bayanan amfanin gona na shekaru masu yawa. Duk manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san abin da ya dame shi: gona ɗaya, amma gefen da ruwa ke kwanciya daban, gefen tudu daban, inda aka taɓa ɗaure shanu daban. In kana son ka gwada sabon iri da tsohon iri, a ina za ka shuka kowane? In kai ne ka kawo sabon irin kuma kana ƙaunarsa, hannunka zai kai shi wuri mai kyau ba tare da ka yi niyyar ha'inci ba. Fisher ya ce a yanka gonar ƙanana ƙanana, a jefa ƙuri'a ta zaɓi abin da za a shuka a kowane yanki, a maimaita sau da yawa, sannan a yi lissafin ko bambancin da aka gani ya wuce abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Ka duba abin mamaki: a ce masani ya cire hannunsa ya bar wa ƙuri'a zaɓi. Da an gaya wa Galiliyo ko Niyuton cewa wannan sharaɗin ilimi ne, ina jin kallon mai wasa za su yi wa mutum.

Likitoci suka ara. A 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka mai suna sitireftomaisin a Ingila, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa: marasa lafiya 107, ambulan a liƙe ke faɗin rukunin kowa, kuma masu karanta hoton ƙirji ba su san wanda ya sami maganin ba. Wannan ɓoyewar ma wata ƙa'ida ce da aka ƙara, don an lura cewa idon likita yana ganin sauƙi a inda yake fatan ganinsa. Allurar riga-kafin maleriya ta R21 da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 ta wannan ƙofa ta bi: yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, ƙuri'a ta raba su, wasu suka sami R21, wasu allurar cizon mahaukacin kare, iyaye da masu duba yaran ba su san wa ya sami wacce ba. A wuraren da maleriya ke zuwa da damina irin namu, ta rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Daga ar-Razi zuwa nan tambayar ɗaya ce, wato maganin ne ya yi aiki ko kuwa dama za a warke, amma abin da ake nema kafin a amsa ta ya yi nisa.

Yanzu bari in zo gida, don kai da kake Anka kana zaune a kan misalin da ya fi kowane ƙarfi, duk da cewa mai ciwo ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido a kan sanƙarau, suka ji labarin yara ƙanana na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: amai, jijjiga, suma. Idon duk likitan da ya yi aiki a arewa zai ce maleriya ce ta hau kai, ko sanƙarau. An ba da magungunan waɗannan, ba su yi ba. Sai aka lura cewa ƙauyukan da abin ya fi tsanani su ne inda ake niƙa dutsen zinare a cikin gida, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aka tura jini Turai, ya dawo da dalma mai yawan da ba a saba gani ba. Binciken gida gida da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa a jihar ta haura 400. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ko a cikin aikin kansa sai da hanya ta canza. 'Yar na'urar da ake auna dalma a jini da ita a fili ba ta karanta abin da ya wuce maikrogiram 65 a desilita ɗaya, domin waɗanda suka ƙera ta ba su zaci za a buƙaci fiye da haka ba. A ƙauyukan Dareta da Yargalma kuwa yaro bayan yaro sai ta nuna ya wuce iyakarta, ba lamba. Dole ma'aikatan suka fito da dabarar sirka jinin kafin a auna sannan a lissafa, daga baya aka gwada dabarar da manyan na'urorin ɗakin gwaje-gwaje don a san iya amincinta. Ƙasa kuma da wata na'urar hannu ake haska ta, ta faɗi yawan dalma nan take, da ita aka san gidajen da za a kwashe ƙasarsu a zuba sabuwa, aikin da ya kai ƙauyen Bagega a 2013.

Amma abin da nake so ka nuna wa ɗalibanka shi ne lambar da ake kira haɗari. A shekarun 1960 a Amurka, sai dalmar jinin yaro ta kai 60 ake cewa akwai damuwa. Aka sauko 40 a farkon shekarun 1970, 30 a 1975, 25 a 1985, 10 a 1991, 5 a 2012, 3.5 a 2021. Yau matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Dalma ba ta ƙara dafi ba tsakanin 1960 da yau. Abu biyu ne suka canza a yadda ake bincike.

Na farko tsabtar ɗakin gwaji. Wani masanin sinadarai, Clair Patterson, yana ƙoƙarin gano shekarun duniya ta hanyar auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, sai lambobinsa suka yi ta fitowa a karkace. Ya bi diddigi ya tarar dalma tana cikin iskar ɗakin, da ruwan famfo, da kwalaben, da ƙurar jikinsa, yawancinta daga man fetur da aka fara zuba wa dalma tun 1923. Sai da ya gina ɗaki na musamman da ake tace iskarsa ake wanke komai da asid kafin ya sami amsarsa a 1956, shekara biliyan 4.55. Abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci ga lafiyar mutane: ya nuna cewa yawancin awon dalma da aka yi kafin nan gurɓatacce ne, kuma abin da ake kira "daidai" a jikin mutanen birni ya ninka na asali nesa ba kusa ba, an kira shi daidai ne don kowa yana da shi. Mu da muke aikin awon sinadarai, har yau ba ka isa ka kawo lamba ba sai ka nuna abin da kwalbar da ba komai a cikinta ta karanta.

Na biyu, ma'anar cutarwa. Da, sai an ga yaro yana jijjiga ake cewa dalma ta taɓa shi. A 1979 wani likitan yara, Herbert Needleman, ya tattara haƙoran da 'yan firamare suka famɓare a garuruwa biyu kusa da Boston, ya auna dalmar da ta taru a ciki, ya kwatanta da ƙoƙarinsu a aji. Yara ne lafiyayyu a ido, ba wanda aka taɓa kai wa asibiti don dalma. Amma masu dalma da yawa a haƙori, in aka haɗa su a dunƙule, sun gaza sauran a gwajin basira da natsuwa. Irin wannan illa ba likitan da zai gan ta a jikin yaro ɗaya, sai an tara ɗaruruwa an yi ƙididdiga. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan dai ido bai san komai ba.

Akwai kuma gwajin da ya sa likitoci suka rage zumuɗi. Maganin DMSA, wanda shi aka ba yaran Zamfara, yana fitar da dalma daga jini. An zaci duk yaron da aka ba zai amfana. A 2001 aka buga gwajin ƙuri'a a kan yara 780 a Amurka masu dalma tsakanin 20 da 44: lambar jini ta sauka, amma basirarsu ba ta fi ta waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Shi ya sa ake ajiye maganin don masu 45 zuwa sama, inda haɗarin ya fi tsanani, kuma shi ya sa aka dage cewa sai an share ƙauye kafin a mayar da yaro, in ba haka ba aikin banza ne.

Ka lura cewa a Zamfara ba wanda ya ce a jefa ƙuri'a a bar rabin yaran ba magani don a kwatanta, kamar yadda ar-Razi ya yi. Wannan ma canji ne a hanya, kuma da tsada aka saye shi. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke tafiya, har bayan an sami fenisilin. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 su suka kafa cewa sai da yardar mutum bayan an yi masa bayani. Mu ma muna da namu tabon: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Yau bincike a kan mutane ba ya farawa sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu.

To in ba a iya gwaji, ta yaya ake tabbatar da sanadi? A shekarun 1880 Robert Koch na Jamus ya shimfiɗa sharuɗɗa: a sami ƙwayar a jikin kowane mai ciwon, kada a same ta a jikin lafiyayye, a raine ta ita kaɗai a kwano, a sa wa dabba ta kamu. Sun yi amfani ƙwarai a kan tarin fuka. Amma shi kansa ya tarar da mutane lafiyayyu ɗauke da ƙwayar kwalara. Yawancin yaran da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu ba sa nuna komai. Ƙwayar kuturta har yau ba a iya rainonta a kwano ba. Da an riƙe sharuɗɗan Koch kamar karatun allo, da an ce waɗannan cututtuka ba ƙwaya ke kawo su ba. Da batun taba sigari da kansar huhu ya taso, Bradford Hill ɗin nan ya kawo wasu abubuwan dubawa a 1965: ƙarfin alaƙar, ko ana samunta a wurare daban daban, ko sanadin ya riga ciwon, ko ciwon na ƙaruwa in sanadin ya ƙaru. Da irin wannan ma'auni aka kama dalma.

Masana falsafar kimiyya sun yi ta neman ƙa'ida ɗaya da ba ta motsi. Wanda ya fi shahara shi ne Karl Popper, wanda a 1934 ya ce alamar kimiyya ita ce magana ta kasance ana iya ƙaryata ta, kuma in gwaji ya saɓa mata a yar da ita. Rabin farko ina tare da shi. Rabi na biyu tarihi bai goya masa baya ba. Lokacin da duniyar Yuranus ta ƙi bin hanyar da lissafin Niyuton ya tsara mata, ba a yar da lissafin ba. Le Verrier na Faransa ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya faɗi inda za a duba, aka duba a Balin ta Jamus a 1846 aka ga Neftun. A 1859 mutumin nan dai ya ga Makyuri, wadda malaman falaki ke kira Uɗaridu, ita ma tana ɗan kaucewa, ya sake cewa akwai ɓoyayyar duniya kusa da rana. Aka yi shekaru ana nema, babu ita. Wannan karon lissafin Niyuton ne ke da gyara, sai a 1915 Anistayin ya warware. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta ci sau ɗaya ta faɗi, kuma babu littafin da zai gaya masa tun farko wanne ne wanne. Thomas Kuhn a 1962 ya nuna cewa in babban ra'ayi ya sauya, har abin da ake ɗauka tambaya mai ma'ana yakan sauya. Paul Feyerabend a 1975 ya kai maganar ƙarshe, ya ce babu ƙa'idar da manyan masana ba su taɓa karyawa ba. A tarihi ya yi gaskiya. Amma kada mai tallar magani da lasifika a kasuwar Talata Mafara, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da taifot da ciwon suga, ya ji wannan ya ce ai shi ma kimiyya yake yi. Masanan da suka karya ƙa'ida sun ajiye aikinsu a fili wasu suka bincika. Shi kuwa ko abin da ke cikin kwalbar ba zai faɗa maka ba.

Ba kuma kowane canji ne ci gaba ba, kada mu yi wa kanmu kirari. Fisher ya ba da shawarar a ɗauki sakamako da muhimmanci in damar samun irinsa ta hanyar sa'a kaɗai ba ta kai 1 cikin 20 ba. Shawara ce ta aiki, amma mujallu suka mayar da ita shingen shiga, masu bincike kuma suka koyi juya bayanai, a cire wannan a ƙara wancan, har lambar ta tsallake. Wanda bai sami komai ba ya jefa aikinsa a durowa. A 2015 wata tawagar masana ta sake gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, kimanin kashi 36 cikin 100 kacal suka sake tsallake shingen. Gyaran da ake yi yanzu shi ne ka rubuta abin da za ka auna da yadda za ka lissafa a rajistar da kowa ke gani tun kafin ka fara. Manyan mujallun likitanci sun wajabta rajistar gwaji tun 2005. Ko bitar da masana ke yi wa takarda kafin a buga, wadda muke ɗauka kamar tun fil azal take, ba ta daɗe da zama dole ba. A 1936 wata mujallar Amurka ta tura takardar Anistayin ga wani ya duba, ya fusata ya janye ta, ya ce bai ba da izinin a nuna wa kowa ba. Mai bitar ne ke da gaskiya, kuma daga baya Anistayin ya gyara kuskuren.

Abin da ban ga ya motsa ba tun daga ɗakin duhun Ibn al-Haisam kaɗan ne: abin da aka auna yana gaba da girman mai magana, kuma dole ka buɗe yadda ka yi don wanda ba ya ƙaunarka ma ya iya dubawa. Wannan kuwa ya fi kama da alkawari da matakai.

In kana son yaran su ji abin a jikinsu, ka ba su aikin mako huɗu. Gwangwani ashirin, ƙasa iri ɗaya a cakuɗe, ƙwayar wake ko masara a kowane. Rabin za a sa wa takin zamani. Karo na farko ka bar su su zaɓi gwangwanayen da kansu bayan tsiro ya fito, su kuma auna da kansu. Karo na biyu a rubuta lambobi a takarda a jefa a hula a zaro, kai kaɗai ka san wanda aka sa wa takin, 'yan wani aji su zo su auna tsawon da rula, kuma kafin a shuka kowa ya rubuta hasashensa a allo kada a goge. Ɗalibin nan naka ka ɗora masa riƙon littafin awon, ka ce ya bayyana wa aji dalilin da ya sa ba a bar shi ya san lambobin ba. Ƙasar kuma a ɗebo ta daga gonar makaranta, kada a taɓa ta kusa da inda aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi, kuma su wanke hannu da sabulu in sun gama.